Mai Aikin Dare

Ƙarfe huɗu da rabi nake shigowa,
na baro bas ɗin dare a gareji,
Lodz na kwance ƙarƙashin dusar ƙanƙara.
Takalmina na ɗiga a bakin ƙofa.
Ba na kunna fitila. Wannan na koya da wuya.

Akwatin gilashi na jikin bango,
ruwa lita ɗari huɗu, yashi da duwatsu,
injin iska na gunaguni shi kaɗai.
Da rana gidan 'yan tafkin Malawi ne,
dangin karfasa, shuɗi da ruwan ɗorawa,
ado na 'yan biki, zuciya ta 'yan dambe.
Kowa da dutsensa. Ka ratsa, ka sha cizo.

Tsoho Waclaw mai shagon kifi ya hana ni.
Ya ce, "Ruwansu daban, halinsu daban.
Afirka ba kwano ba ce
da za ka juye kowa a ciki ka motsa."
Amma Jagoda ta manna hanci a gilashi,
ta ce, "Baba, igiyar nan tana murmushi."
Wa zai yi musu da 'yar shekara shida?

Haka ya zo, kifin kara, dogo siriri,
ɗan fadamun bakin teku,
ido ba ƙarfi, hanci ne jagoransa.
Kafin ya shinshino inda abinci ya faɗa
masu ado sun lashe, sun goge baki.
Mako uku yana ramewa a bayan dutse,
gefen wutsiyarsa ya zama tsumma.

Ran nan na dawo na taka wani abu mai laushi.
Shi ne, ƙarƙashin bututun ɗumama ɗaki,
ya yi buɗu-buɗu da gashin kafet,
ya bi ramin da wayar inji ke wucewa.
Na ɗauke shi a tafin hannu kamar zariya.
Yana numfashi.
Allah Ya ba shi huhu, shi ya fisshe shi.
Na toshe ramin da soso,
na ɗora ƙamus biyu a kan murfi,
na sa masa guntun bututu ya zama ɗaki,
na sayo masa 'yan uwa biyu a kan bashi.

Yanzu ga yadda muka raba gari:
rana tasu, dare namu.
Idan masu faɗa sun lafe a kogunansu,
launinsu ya dusashe don barci,
sai in saki tana uku a kusurwa,
in tsuguna da rigar aikina,
hasken titi kawai ke taimakona.
Su fito a hankali, suna rubutu a ruwa,
rubutun da ban iya karantawa ba.

Kada in yi masa shaidar waliyyi.
Wata shuɗiya ta riƙe 'ya'ya a baki,
kwana ashirin ba ta ci komai ba,
ta sake su, mun ƙirga goma sha tara.
Da gari ya waye saura sha ɗaya,
shi kuwa cikinsa ya yi ƙulli,
murmushin nan yana inda yake.
Na ce wa Jagoda sun ɓuya ne.

Bozena na barci a ɗaki na gaba.
Saura minti arba'in agogonta ya buga,
ta tashi, in kwanta a ɗumin da ta bari.
Shekara tara ke nan, gado ɗaya, lokaci biyu,
saƙo a jikin firiji, miya a tukunya.
Ba mu taɓa cizon juna ba, ban ce mun ƙoshi ba.

Ga shi ya taso sama,
ya ɓullo da baki ya haɗiyi iska,
ƙaramar ƙara, ɗis, kamar sumba,
ya koma ƙasa.
Ni ma na ja nawa numfashin,
na cire safa, na ɗora ruwan shayinta.